Man bindiga: tambayoyin da maharba da masu bindigar hawa suka fi yi a ƙasar Daura

A gidan farauta na tashi. Tun ban isa ɗaukar bindiga ba, aikina shi ne riƙe tsumma da kwalbar mai idan mahaifina ya zauna a zaure yana goge tasa. Yanzu ni ma na daɗe da tawa, da lasisinta, kuma duk lokacin da aka gama girbi ko Sallah ta matso, tambayoyi iri ɗaya ke ta zuwa mini daga 'yan uwa na Sandamu da Zango da Baure da Mai'adua. Su na tattara a nan. Maganata da wanda ke riƙe da bindiga bisa doka ce: maharbi, da mai gadin gona, da 'yan bindigar Sarki da ke ƙawata hawa. Abin da idona ya gani a shekarun nan shi ne, bindigogin da yawan mai da mugun mai suka kashe a ƙasarmu ba su gaza waɗanda rashin mai ya kashe ba.

Kafin in taɓa kwalbar mai, mene ne farkon abin yi?

Ka tabbatar babu komai a cikinta. Kada ka ce ai jiya na sauke ta. Idan mai karyewa ce, wato wadda ake buɗewa a tsakiya, karya ta, ka duba da ido, ka sa yatsa a mazaunin harsashi. Idan mai sakata ce, ja sakatar, ka cire gidan harsashi, ka leƙa. Harsasan kuma ka fitar da su daga ɗakin gaba ɗaya, ka kori yara, ka juya bakinta inda ba mutum ko dabba.

Bindigar toka ta fi haɗari a nan, domin ba a ganin cikinta, kuma da yawanmu sukan ajiye ta a ɗure. Dabarar tsofaffi ita ce: ranar da ka tabbata babu komai a ciki, zura sandar ɗuri har ƙarshe, ka yi mata alama daidai bakin bindiga. Daga ranar, duk lokacin da ka zura sandar ka ga alamar ta tsaya a sama, to akwai ɗuri. Idan ɗurin ya daɗe ya ƙi fita, kada ka gasa ta a wuta, kada ka hura da baki, kada ka leƙa. Kai wa gwani.

Ba shafa mai kawai ake yi a wuce wurin ba?

A'a. Aiki uku ne, kuma jerinsu ba ya sauyawa: wankewa, sa santsi inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, sannan kare ƙarfen daga tsatsa. Wanda ya zuba mai a kan dauɗa kamar wanda ya shafa basilin ne bai yi wanka ba. Jiki zai yi sheƙi, amma dattin na nan, ya ma samu abin mannewa.

Shi ya sa kayan da ake sayarwa suka kasu. Akwai na wanki zalla, irin su Hoppe's No. 9 da aka fara yi a Amurka a 1903, wanda aikinsa narkar da tokar harbi, ba sa santsi ba. Akwai mai zalla, akwai giris. Akwai kuma mai haɗa ukun, wanda za ka ga an rubuta haruffa CLP a jikinsa, ma'ana yana wankewa, yana sa santsi, yana karewa. Don sojoji aka yi irinsa, domin soja ya ɗauki kwalba ɗaya maimakon uku. Ga maharbin da ke harbi biyar ko goma a fita ɗaya, shi kaɗai ya wadatar.

To, Malam, wane mai zan saya?

Idan ka samu Break-Free CLP ko Ballistol ko Rem Oil na gaske, ka huta. Ni Ballistol na fi so, saboda dalilin da zan faɗa a zancen bindigar toka. A Jamus aka haɗa shi a 1904 don sojojin ƙasar, da nufin mai ɗaya ya yi wa ƙarfe da katako da fata.

Sai dai ba kullum ake samunsu a Daura ba, wani lokacin sai an aika Katsina ko Kano. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Man keken ɗinki mai kyau, fari tas kamar ruwa, yana yi wa ƙananan gaɓoɓi irin su kunama da sifirin, kuma ba ya danƙo. Aibinsa shi ne ba ya jimawa, musamman a zafin Afrilu da Mayu da kan wuce digiri 40, don haka sai ana sabuntawa. Sabon man inji na mota, wanda ba a taɓa zubawa a inji ba, musamman irin sintetik, shi ma yana sa santsi sosai, yana kuma jure zafi. Cikin ƙaramin sirinji ɗaya zai kai ka shekara.

Jabu ya yi yawa a kasuwa. Ga gwajin da nake yi, ba ya cin ko sisi: samo ƙusoshi huɗu, goge su da yashi har su yi fari, shafa wa uku man da kake son gwadawa, ka bar ɗaya haka nan. Yayyafa musu ruwan gishiri, ka ajiye a inuwa kwana bakwai. Ƙusar da ta fi jimawa ba ta yi ja ba, manta ne naka. Idan kuma ka buɗe kwalba ka ji warin kananzir ya buge ka, mai yiwuwa an tsinka shi ne, mayar wa mai shi.

Baƙin man juye fa, wanda bakanike ke bayarwa kyauta?

Kada ka kusantar da shi. Baƙin da ya yi ba na banza ba ne: garin ƙarfen inji ne, da toka, da tsami, da ragowar fetur. Garin ƙarfen nan yana cin gaɓoɓin bindiga a hankali kamar dutsen wasa wuƙa. Ga shi kuma yawan taɓa shi da hannu yana cutar da fata.

Kakanninmu da man gyaɗa da man shanu suka riƙe nasu. Me ya sa mu za a hana mu?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba na raina abin da tsofaffi suka yi. Amma a duba abu biyu. Na farko, bindigarsu ba ta da ƙananan gaɓoɓi irin na bindigar harsashi. Na biyu, su kusan kullum suna taɓa ta, suna gogewa suna sabuntawa, man bai samun lokacin da zai lalace a jikinta.

Man gyaɗa da man auduga da na waken suya, idan suka sha iska da zafi, sukan yi kauri su koma danƙo kamar ƙaro. Kowa ya ga bakin tsohon galan na mai ƙosai ya san abin da nake nufi. Wannan danƙon idan ya taru a ramin allurar da ke dukan harsashi, sai ta riƙa fita a sanyaye, ka ja kunama ka ji ƙyas, babu tashi. An taɓa kawo mini wata mai baki ɗaya da mai ita ya rantse sifirinta ya mutu. Da muka buɗe, man gyaɗa ne na wajen shekara biyu ya daskare. Kananzir da buroshin haƙori suka tashe ta.

Manja ya fi muni, domin akwai tsami a cikinsa da ke ƙaruwa idan ya kwana biyu. Man shanu kuma yakan zo da ragowar ruwa, yana kuma yin ɗoyi. Wanda na yarda da shi a cikin kayan gida shi ne tataccen kitsen rago mara gishiri da aka narka da kakin zuma, ko man kaɗe mai tsabta. Su ma a bututun bindigar toka da bayanta kawai, ban da cikin kunama.

Da gaske ne bindigar toka da ruwa ake wanke ta? Ba ruwan ne ke kawo tsatsa ba?

Da gaske ne, kuma a nan ne aka fi yin asara. Albarushin gargajiya ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, yakan fita a hayaƙi ko ya zauna a bututu a matsayin toka. Tokar nan cike take da gishiri iri-iri masu jawo laima daga iska, ga kuma ƙibiritu. Ka harba da la'asar a watan Agusta ka jingine, kafin hantsin gobe cikin bututun ya jiƙe da kansa ya fara ja. Mai ba ya narkar da gishiri. Gwada a kofi ka gani: gishiri a cikin mai zai zauna a ƙasa, a ruwa kuwa nan take zai ɓace. Idan ka zuba mai a kan tokar, ka rufe gishirin ne kawai, yana ƙasa yana cin ƙarfe, kai kana ganin sheƙi kana murna. Man da aka tato daga fetur kuma, idan ya haɗu da tokar albarushi da zafin harbi, yakan zama wani baƙin abu mai tauri kamar kwalta.

Ga yadda mahaifina ya koya mini. A tafasa ruwa, a sa ɗan sabulu kaɗan. A naɗa tsumma a kan sanda, a riƙa zuba ruwan ana turawa ana jawowa, har ruwan da ke fita ta ramin wuta ya daina baƙi. A ɗauraye da ruwan zafi zalla. Zafin ruwan yana da amfani, domin ƙarfen zai ɗauki zafi ya busar da kansa. A bi da busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito fes, a kifa bakinta ƙasa a rana na ɗan lokaci. Daga nan kada a tashi a ce sai an dawo daga masallaci: ƙarfen da aka wanke tas cikin mintuna yake fara tsatsa. A shafa mai nan take, ciki da waje, da kewayen ramin wuta inda toka ke fantsama.

Dalilin da ya sa nake son Ballistol ke nan. Yana gauraya da ruwa ya yi fari kamar madara, ruwan ya narkar da gishirin, idan ya bushe ya bar man a jikin ƙarfe.

Haka kuma duk wanda ya harba tsohon harsashi irin na da, wanda abin kunna wutarsa ke barin gishiri, to shi ma bututunsa na bukatar ruwa kafin mai.

WD-40 fa? Ina ganin kowa na fesawa.

Yana da ranarsa. A 1953 aka haɗa shi a San Diyego ta Amurka, kuma haruffan sunansa na nufin korar ruwa. Idan ruwan sama ya dake ka a daji, fesa shi ya kori ruwan daga lunguna, ka goge, sannan ka sa man gaske. Amma shi kaɗai bai isa ba. Yawancinsa yakan bi iska, abin da ya rage ba shi da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe. Masu fesa shi a cikin kunama wata bayan wata ba gogewa, ƙarshenta sukan tarar da wani jan danƙo haɗe da ƙura. Kada kuma ka fesa shi kusa da harsashi.

Fetur, kananzir, man birki?

Fetur a'a, ko don gobara, balle a ɗakin da ake ajiye albarushi. Kananzir yana wanke tsohon giris da danƙo, amma a waje, nesa da wuta, kuma a busar a bi da mai. Man birki yana shan ruwa daga iska, yana kuma cinye fenti da adon katako, babu abin da ya haɗa shi da bindiga.

A ina ake sa man, kuma nawa?

Bindigar da kanta za ta nuna maka. Buɗe ta a haske ka duba inda baƙin ƙarfen ya goge ya yi fari yana ƙyalli. Nan ne ƙarfe ke cin ɗan uwansa, nan ne ke son mai. A mai karyewa: ƙusar da take juyawa a kai, da maƙullin da ke riƙe ta idan an rufe, da abin da ke turo kwanso. A mai sakata: jikin sakatar, da bayan haƙoran da ke kulle ta, da hanyar da take bi.

Nawa kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka motsa ta sau da yawa man ya shiga, ka share abin da ya fito. A jikin ƙarfe na waje, kada ka zuba kai tsaye. Ɗiga uku ko huɗu a ƙyallen auduga, ka murza, ka goge da shi. Idan ka ja yatsa ka ga ɗan sawu amma yatsan bai jiƙe ba, ya yi. Idan mai na gangarowa sa'ad da ka tsayar da ita, ya yi yawa ƙwarai. Ƙyallen nan ka adana shi a gwangwani mai murfi, zai yi maka watanni.

Akwai inda ba a so mai ya taɓa?

Akwai, kuma wannan ya fi sanin inda ake sawa muhimmanci.

Mazaunin harsashi ya zama a bushe lokacin harbi. Sa'ad da harsashi ya tashi, kwanson yakan kumbura ya kama bangon mazauninsa, wannan kamun yana rage ƙarfin da ke komawa baya. Idan akwai mai sai kwanson ya zame, nauyin duka ya faɗa kan maƙulli, wato wajen fuskarka.

Cikin bututu ana barin ɗan mai don ajiya, amma kafin a fita a zura busasshen ƙyalle a share. Mai da yawa ko giris a bututu toshewa ce, tana iya kumbura shi ko ta fasa. Ko kaɗan ne ma, a raifil za ka ga harbin farko ya kauce daga inda ka saba. A bindigar toka kuma man yakan jiƙa albarushi, ta ƙi tashi, ko ta yi jinkiri. Idan haka ta faru, riƙe ta tana kallon inda ba kowa, ka ƙirga aƙalla minti ɗaya. Jinkirin nan ya raba mutane da yatsu da idanu.

Ramin allura a bar shi kusan a bushe. Harsashi ba a shafa masa mai ko don ya yi kyau, goge shi da busasshen ƙyalle. Gilashin madubin hange shi ma ba ruwansa da mai. Sai katako, wanda zan zo kansa.

Giris ya fi, ko mai?

Kowanne da wurinsa. Inda nauyi ke dannawa ana gogawa, kamar ƙusar mai karyewa da haƙoran sakata, giris ya fi zama, domin zafin bazara ba ya sa shi gudu. Kwatankwacin ƙwayar gero a kan tsinke ya isa, ka baza shi har ya kusa ɓacewa. Farin giris na litiyam da ake samu wurin masu kayan babur ya yi. Ƙananan gaɓoɓi masu juyawa kuwa mai suke so. Sharaɗin giris ɗaya ne: duk fitar da aka yi, a share tsohon a sa sabo, domin yashi na son sa.

Da hunturu ƙura na manne wa bindigata. In daina sa mai ne gaba ɗaya?

Wannan ita ce tambayar ƙasarmu, domin lokacin farauta da lokacin ƙura tare suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu har cikin Maris. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin alkama, babu ramin da ba ta shiga. Ta haɗu da mai, ta zama irin abin da bakanike ke wasa bawul da shi.

Amsata ita ce: waje a bushe, ciki da ɗan mai. A watannin nan iska ba ta da laima, leɓe ma tsagewa yake, don haka tsatsa ba ta da ƙarfi. Goge bayan bindiga har sai ba ta kama ƙura. Amma gaɓoɓin ciki kada a bar su ƙarfe da ƙarfe. Sojojin Amurka sun yi gwajin ƙura a kan bindigoginsu wajen 2006, suka ga wadda aka sa wa mai sosai a ciki ta fi wadda aka ɗan shafa wa ƙarancin cijewa. Nasu masu sarrafa kansu ne, suna harbi ɗaruruwa, ba irin namu ba, amma darasin ya shafe mu: ƙura a busasshiyar gaɓa ma cijewa take sa wa. Maganin ƙura shara ce a kai a kai. Idan za ka hau babur zuwa daji, sa ta a jakar yadi mai kauri, ka ɗaure bakin. Idan ka toshe bakin bindiga da tsumma saboda yashi, ka ɗaura masa jan zare mai tsawo da zai tuna maka ka cire. Da ka dawo, buroshin fenti busasshe ya fara bi kafin ƙyallen mai.

Da damina fa, da ajiya ta watanni?

Nan kuma sai a juya. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta, bindiga na jingine ana noma, ɗakin ƙasa yana naso, laima na aikinta shiru. Kafin ajiya a wanke ta sosai, a shafa mai da ɗan kauri ciki da waje. Basilin mara ƙamshi ma yana yi a bayan ƙarfe. Bayan ka shafa, kada ka ƙara kama ƙarfen da hannu, domin gumi gishiri ne, har zanen yatsa yakan fito da tsatsa. Kama ta ta katako.

Kada a jingina ta da bango ko a kwantar a ƙasa. Kada a bar ta cikin kube na fata ko akwati mai soso, duka biyun suna riƙe laima. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi farare da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani suna shan laima, tara su ka zuba a akwatin, ka riƙa shanya su a rana. A kulle, harsashi a wani wuri dabam. Duk sati biyu a fito da ita a duba.

Wata magana da ba a cika so ba: fatar da muke naɗa wa bututu, da layu da ake ɗaurawa. Ban ce kowa ya cire abin da ya gada ba. Amma a ƙarƙashin fatar nan tsatsa ta fi yin gida, domin jima na barin tsami da gishiri, kuma ba mai leƙawa. Idan za a iya mayar da su jikin katako ko igiyar rataya, ya fi. Idan ba za a iya ba, a kwance sau ɗaya a shekara a duba.

Tsatsa ta riga ta kama. Yaya zan yi?

Baƙin da ke jikin bindiga ba fenti ba ne a yawancinsu, wata siririyar fata ce da aka sa ƙarfen ya yi, kuma sai da mai take kariya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka kada ka sa samfefa ko yashi ko toka. Jiƙa wurin da mai ya kwana, ka goge da ƙyalle mai kaushi. Idan ta ƙi, soson ƙarfe mafi laushi, wanda ake rubuta wa 0000, da mai, a hankali. Idan kuwa tsatsar ta yi ramuka a cikin bututu, ko ka ga kumburi ko tsaga, mai ba zai mayar da ƙarfen da ya tafi ba. Kada ka harba ta, musamman ƙirar gida da ba a san ƙarfin bututunta ba.

Katakon fa? Shi ma da man ƙarfen zan shafe shi?

A'a. Man ƙarfe yana shiga katako ya sa shi baƙi, ya yi laushi, daga baya ya tsage daidai inda yake haɗuwa da ƙarfe, wurin da ke ɗaukar dukan harbi. Yawanci ba shafawa aka yi ba, gangarowa ya yi daga bututu don an tsayar da ita a kan gindinta. Bayan shafa mai, kifa bakinta ƙasa a kan ƙyalle mai tsabta ta kwana ɗaya ko biyu. Katako kakin zuma yake so, ko dafaffen man linsid na kafintoci, kaɗan, a murza da tafin hannu. Tsumman linsid kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a jiƙa da ruwa.

Tawa bindigar iska ce ta harbin tsuntsu a gona. Duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. A mai sifirin da ake karyawa, iskar da ke matsewa tana yin zafin da zai kunna man fetur, kamar yadda injin dizal ke tashi ba fulogi. Ka ɗiga man keke a ramin iskar, za ka ji ƙara da hayaƙi, robar ciki ta ƙone, sifirin ya karye. Man silikon da aka yi don haka ake sawa, ɗigo ɗaya bayan harbi ɗaruruwa. Mai tulun iska da ake bugawa da famfo ta fi wannan haɗari, kada man fetur ko giris ya kusanci bakin da ake cika ta. Shi kuma silikon ba ya yi wa gugar ƙarfe da ƙarfe, gaɓar karyawa man gaske take so.

Mu da ke harbi a hawa, yaushe ya kamata mu gyara?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin Sallah a fito da ita, a share man ajiya, a duba bututu da ramin wuta. A ranakun hawa kuma, daga hawan Sallah zuwa hawan Magajiya, haka ma lokacin Sallar Gani, bindiga kan tashi sau da yawa a jere, toka na taruwa tana ƙuntata bututu. Na san gajiyar da ake kwasowa daga Kangiwa, filin gaban fadar Sarki, amma a daure a wanke a daren, kada a ce sai an gama hawa duka. Kada kuma a ɗura sabon albarushi nan take bayan harbi, a bari ragowar wuta ta mutu.

Akwai abin da zai cutar da lafiyata a aikin nan?

Akwai dalma. Harsashi da tokarsa suna barin ta a hannu, mu kuma da hannu muke cin tuwo. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta hanyar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje, ya isa ya nuna yadda jikin yaro ba ya jure ta. Wanke hannu da sabulu kafin abinci, kada ka ci goro kana aikin, kada a yi shi a tabarmar da yara ke rarrafe. A zauna inda iska ke wucewa. Kada kuma a zuba kananzir ko mai a robar lemo, yara na ɗauka su sha.

Zan iya kwance ta gaba ɗaya, ko in kai wa maƙeri ya gyara?

Shara da shafa mai naka ne. Amma kwance cikin kunama, da goge haƙorinta don ta yi laushi, da walda a bututu, ba aikin zaure ba ne. Kunamar da aka goge tana iya tashi da faɗuwa kawai. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, da irin na farauta da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, da masu ɗuri ta baki da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Gyara ma dokar ta ce sai mai izini. Kafin ka miƙa wa kowa, tambaye shi takardarsa, kai ma ka tafi da lasisinka a aljihu, bindigar kuma a sauke, a cikin jaka.